Jirgin Valdinei

Litinin, 2 ga Oktoba
Na sake kafa turakun awo a gaɓar kogin Tapajós, gaban gidanmu. Na bara duk ruwa ya cinye. Jami'a ce ta turo ni in auna yadda igiyar ruwan da jiragen dakon waken suya ke tayarwa take zaftare yashin da kififiya, kunkurun ruwa, ke binne ƙwai. Wai tunda 'yar garin ce ni, aikin zai zo da sauƙi. Hmm.

Alhamis, 5 ga Oktoba
Ranar jirgin ƙanena Valdinei. A cikinsa yake aiki, shekara biyu bai kwana gida ba. Matuƙin mutumin kirki ne, duk Alhamis sai ya matso da jirgin dab da gaɓa ya busa ƙaho, Mama ta fito da jan tawul tana kaɗawa. Tun ana gobe take wanke tawul ɗin.
Bayan sun wuce gaɓa ta rufta. Na tsinci ƙwai cike da ƙwarya, duk sun jiƙe.

Asabar, 14 ga Oktoba
Na duba awon har idona ya yi ja. Cikin jiragen nan kaf, babu mai ɓarna kamar na Valdinei.

Lahadi, 15 ga Oktoba
Na buga masa waya, na ce su daina matsowa gaɓa. Dariya ya fara yi.
"Yaya, malamar turaku! Yanzu kunkuru ya fi ni matsayi a gidan?"
Na ce ba wasa nake ba. Sai ya ce, "Ke kina ganin Mama kullum." Ya kashe.

Alhamis, 19 ga Oktoba
Ta can tsakiyar kogi suka bi, ba ƙaho. Mama ta kaɗa tawul har hannunta ya gaji. Ta ce, "Jucilene, duba min, shi ne kuwa? Idon nan ya zama na ado." Na ce ban gane ba. Ko garin rogo ba ta taɓa ba yau. Raina ya ɓaci, na rasa da wa.

Laraba, 25 ga Oktoba
Turke biyu sun tafi. Jirage sun ƙaru, ruwa ya ja baya, kowa ta gefenmu yake bi. Shugabana ya ce a waya sakamakon ya yi kyau. Kyau!

Alhamis, 26 ga Oktoba
Mama ba ta wanke tawul ba. Ramukan ƙwan da suka rage ba su kai yatsun hannu ba. Na raba uwa da ɗa, yashin ma bai tsaya ba.

Alhamis, 2 ga Nuwamba
Jiya na kira Valdinei, don in ji lafiyarsa kawai. Ban ce masa komai ba, ko na ce, ban tuna ba.
Da hantsi muka ji ƙaho. Mama ta fita ba takalmi. Igiyar ruwa ta tafi da turkena na ƙarshe, ina gani, ban rubuta ba. Hannuna na riƙe da ɗaya bakin tawul ɗin.