Layin Toka a Masussuka

Aikin farko yau: na sabunta layin toka a masussuka kafin iska ta taso.

Zuwa ga Yayana Ja'afaru, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali, Ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwar nan. Mu nan ƙauye sai godiya. Gero ya shigo, an cire gyaɗa, Inna tana nan da ƙarfinta, har ta koma yi mana faɗa a kan awaki.

Yaya, ka ce a waya mu haƙura da wasan badminton ɗin 'yarka Safara'u, tunda an cinye ta a gwajin farko a Kano, kada a riƙa kai yarinya mai keken guragu tana shan kunya. Akwai abin da na kasa faɗa maka a lokacin. Laifin faɗuwar nan nawa ne. Ni na zana mata fili da toka a masussuka, kuma daga tsohon littafinmu na sakandare na kwafo shi, wanda aka yi don masu wasa a tsaye. Ashe a wasan masu keke rabin fili ake amfani da shi, sannan wajen kamu huɗu daga gindin raga ba ya cikin wasa, duk ƙwallon da ta faɗa nan ta fita. Shekara guda Safara'u tana koyon sauke ƙwallon gashin nan dab da raga, ina yaba mata. A Kano ta yi ta saukewa, alƙali yana ba Bilkisu, abokiyar karawarta, maki. Mace ɗaya ake nema ta shiga tawagar jiha, ga shi ni na tura tawa da makamin da ba ya ci. Da mutane suka tambaye ta, cewa ta yi hannunta ne ya yi sanyi. Ba ta ambaci sunana ba.

Ka san ni da rubuce-rubuce. Ranar ma na rubuta kowane maki da yadda aka ci shi. Na duba sau uku don ban cika yarda da lissafina ba. Turmi biyu aka yi, ashirin da ɗaya da sha biyu, ashirin da ɗaya da sha huɗu. Cikin maki arba'in da biyu na Bilkisu, sha bakwai kyauta muka ba ta a gindin raga. Cikin ashirin da shida na Safara'u kuwa, sha biyar hanya ɗaya suka zo: ta ɗaga ƙwallo can ƙarshen fili sau biyu, Bilkisu ta ja keke baya ta gantsare, a ta uku Safara'u ta sauke a gaba. Filin siriri ne, wasan duk gaba da baya ne, kuma keken da ya tafi baya ba ya dawowa nan take. Dukan ƙarfi maki uku kawai ya kawo mata. Na kai littafin wurin mai horar da su, Malam Fatihu, duk da manomi ne zai nuna wa malami aikinsa. Ya karanta, ya ce a dawo da ita bayan mako shida.

Da muka dawo na sake zanen daidai, na shanya gyaɗa a wurin da aka hana, a ɓangarena. Na zauna a tsohon kekenta ina mayar mata da ƙwallo, sau biyu ina kifewa. Dokarmu ita ce duk ƙwallon da ta faɗa kan gyaɗa, Safara'u za ta ɓare cikin tafi. Mahaifiyarta Asiya ta ce in aka ci gaba a haka ba sai mun kai gyaɗar bana inji ba. Makon farko an ɓare kwano biyu. A na biyar Asiya tana ƙorafin ko ta miya ba ta samu.

Asabar da ta wuce aka sake karawa. Safara'u ta ci turmin farko, Bilkisu ta gane dabarar ta daina ja baya sosai, ta rama na biyu. A na uku, lokacin hutun maki sha ɗaya, na ji Malam Fatihu yana ce wa Safara'u ta ɗaga sau uku, har sau huɗu, kada ta yi gaggawa, mai haƙuri shi ke dafa dutse. Suka kai ashirin da ashirin, inda sai ka ba da tazarar biyu. Safara'u ta ci ɗaya da doguwar ƙwallo, ta sauke ta ƙarshe a kan layi daidai. Na ɗauka ta fita, har na fara rubutawa, sai alƙali ya nuna ta shiga. An ɗauke ta a tawagar jiha, Yaya. Ina da yaƙinin dabarar za ta yi aiki a gasar ƙasa, ko da yake can ban san hannun kowa ba.

Har yau ban ba ta haƙuri ba. Amma da safen nan ita ta miƙo mini ƙwaryar toka, ta ce Baba ya zana, shi ya iya. Sau biyu na auna kafin na zuba.

Ka gaishe da Yaya Kaltume da su Fahad da Nana Khadija. Inna da Asiya suna gaisuwa. Safara'u ta ce a gaya wa Baffa kunyar ta ƙare.

Ƙaninka,
Tahir.

Na gobe, in Allah Ya kai mu:
Kwashe gyaɗa a zuba a buhu.
Ɗaure harawar da ta rage.
Kai ƙafar kekenta ta hagu wurin mai faci a Tofa.
Sabon littafi, wannan ya cika.
Ba Safara'u haƙuri, kafin a ɗaura raga.