A Daina Garƙame wa 'Yan Matanmu Ƙofar Makaranta

Zuwa ga Shugabar makarantar jeka-ka-dawo ta 'yan mata, inda jikata take karatu a nan Jos.

Ranki ya daɗe, ina gaishe ki tare da fatan kina lafiya, ke da iyali da malaman da ke ƙarƙashinki. Ni ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. Maƙwabcina, tsohon akawu, shi ya riƙe biro ni nake faɗa, kuma na ce masa kada ya sassauta ko kalma ɗaya. Sau uku ina zuwa ofishinki ana ce mini kina taro, shi ya sa na fito da maganar fili.

Sunana Ɗanladi Mai Kwano, a Rikkos nake zaune. Haƙar kuza ce ta kawo ubana garin nan. Ina da rumfa a kasuwar Taminus har wuta ta cinye ta, yanzu a bakin titi nake baza kwanukana. 'Ya'yan ɗana marigayi, Hadiza da ƙanwarta Ummi, suna hannuna tare da uwarsu.

Na farko, maganar ƙofa. Da takwas ta buga mai gadinku zai garƙame ta, duk wadda ta makara a ce ta koma gida. Wa ya gaya muku gida suke komawa? Famfon unguwarmu da sassafe yake kawo ruwa, in ya ga dama, yarinya ta tsaya layi da bokiti kafin ta sa kayan makaranta. Tun bayan rikicin nan kuma ba kowace hanya ake bi ba, sai an zagaya. In kun kore su, kangon kasuwa suke shiga, cikin ƙonannun shagunan nan, su zauna har lokacin tashi ya yi. A can 'yan acaɓa da kwandastoci suke samunsu, a saya musu ƙosai da lemo, a ɗora su a babur.

Da idona nake ganinsu, ina tofar da yawu ina cewa ko 'ya'yan wane ne marasa tarbiyya. Ashe Hadiza na cikinsu, ta bayan tasha take zama inda ba zan hango ta ba. Mama Ngozi mai garin rogo, da muke jere da ita a bakin titi, ta ja ni gefe ta gaya mini. Na zazzage ta, na ce ta je ta kula da nata. Ba a rufa wata uku ba ciki ya fito a jikin Hadiza. Shekarunta goma sha biyar.

Na san za a ce tsoron dorinata ne ya hana ta dawowa gida in an kore ta. An faɗa, na ji. Haka aka rene mu, kuma ban aiko wannan takarda don a yi mini wa'azi ba. Amma ku da kuke kiran suna kullum safe, ko sau ɗaya kun aiko kun ce yarinyarmu ba ta shiga aji ba?

Na biyu, yadda kuka yi da ita. Kun tara ɗalibai a fili, kun kira sunanta, kun sa ta tsaya a gaba wai don ta zama darasi, sannan kuka kore ta. Shi yaron da ya yi mata cikin ya rantse bai taɓa ganinta ba, yana nan yana acaɓarsa, ko yau da safe ya wuce ta gabana. Ita kuwa sai da aka yi mata aiki kafin a ciro jaririn, likita ya ce ƙugunta bai ƙosa ba. Yanzu ko zaure ba ta leƙawa. Darasin me sauran suka ɗauka? Har yau kangon nan cike yake da masu kayan makarantarku.

Na uku, maganar nas ɗin nan. A taron iyaye da malamai wata ma'aikaciyar asibiti ta nemi ta riƙa zuwa tana yi wa yara bayanin jikinsu. Ni ne na fara miƙewa na ce ba mu yarda ba, za a buɗe wa yara ido. Ba zan musa ba. To amma uwar Hadiza ta ce mini yarinyar ba ta san tana da ciki ba sai da ya yi wata huɗu, ta ɗauka kumburi ne, tana ta shan kanwa. Yaron ya ce mata sau ɗaya ba ya sa ciki, in ta sha ruwan gishiri shi ke nan. Ta yarda, don duk duniya shi kaɗai ya taɓa yi mata maganar. A gida kunya, a makaranta shiru. Ke fa mai ilimi ce, ranki ya daɗe. Don tsoho ɗaya mai kwano ya ɗaga murya sai ki janye? Me ya hana ki tsaya ki ja da ni?

Abin da ya hana ni sukuni yanzu shi ne Ummi. Shekarunta sha uku, tana ajin ƙasa a wurinki. Makon nan sau biyu aka rufe mata ƙofa. Duka biyun ta dawo gida, don na rantse mata ba zan taɓa ta ba. Amma ta ce ƙawayenta suna yi mata dariya, wai ta zo su je Taminus. Yau ta ƙi, jibi fa? In ina ciniki na hango farin kallabin makarantarku ya gifta sai na bar mai saye a tsaye na bi na duba fuska.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Wadda ta makara a bar ta ta shigo, a ba ta shara ko ciran ciyawa, amma a cikin katanga. Wadda ba ta zo ba a aika gidansu ran nan, ba sai ƙarshen zango ba. A kira nas ɗin ta dawo, mata zalla, iyaye mata su zauna a baya su ji, a faɗa wa yara gaskiya da Hausar da za su gane. Ni ba zan shiga ba, amma ba zan hana ba. A daina tsayar da yarinya a gaban fili. In kuma da hali, ki duba ko Hadiza za ta zana jarrabawarta in ta yaye.

Kafin ki yanke shawara, daga Litinin ba zan fita kasuwa da safe ba. Zan ɗauko benci na zauna a bakin ƙofarki. Duk wadda aka rufe wa, Musulma ko Kirista, nan za ta zauna a gabana har a tashi. In mai gadi zai ɗaga ni, ya zo da wanda zai taya shi.

Allah ya ba ki ikon riƙe amanar nan, ya tsare miki naki 'ya'yan, kada ya nuna miki abin da na gani.

Wassalam.

Ɗanladi Mai Kwano,
Rikkos, Jos.