Hular Foman da Kunnena na Hagu

Zuwa ga Alhaji, Manajan Darakta na kamfanin buga ƙusa da nake yi wa aiki a Kakuri, Kaduna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya. Ban ambaci sunanka ko na kamfanin ba, don ba tozarci ne ya kawo ni ba. Kai ka san kanka, mu ma da muke tsaye gaban injinanka mun san ka.

Ranka ya daɗe, sunana Isiyaku. Na fi shekara goma ina kan injin buga ƙusa. Kunnena na hagu ya mutu, na dama kuma ya kama hanya, shi kaɗai ya rage mini. Abin da ya sa na rubuto shi ne sanarwar da aka manna a bakin get, cewa mako mai zuwa za a sake yi mana gwajin ji. A wani wurin wannan albishir ne, amma ni da na karanta ta gabana ne ya faɗi. Na nemi ganinka, sakatare ya ce ka yi tafiya, alhali ga motarka a inuwa ana wanke ta. Shi ya sa na fito fili, ga dalilaina.

Na farko, ƙarar ɗakin injina. Idan an tayar da su duka, ko mutum ya kafa bakinsa a kunnenka ba za ka ji abin da yake faɗa ba. Saboda haka tun kafin zuwana ma'aikata suka ƙirƙiri maganarsu ta hannu. A dunƙule hannu, a tsayar da inji ke nan. A shafi ciki, lokacin abinci ya yi. A taɓa hular kwano, ana nufin a ɗaga hannu daga kan wayar ƙarfen da inji ke yankawa nan take. Wannan ta ƙarshen ita ake fara koya wa sabon ɗauka, don ita ke hana inji cinye yatsa, kuma ta shiga jikinmu har ba ma tunani kafin mu bi ta. Ina roƙon ka riƙe ta a zuciya, zan dawo kanta.

Na biyu, marufin kunne. Ba zan ce kamfani bai saya ba, ya saya, masu kyau kuwa, jajaye. Sai dai a sito suke kwana. Ranar da baƙi masu duba masana'antu za su zo, da sassafe mai sito zai raba mana su, a ɗauke mu hoto, ƙurar motar baƙin ba ta gama kwanciya ba zai bi mu da kwali yana karɓa. Wai kada mu lalata. To, Alhaji, don kunnen wa ake adana su? Kuma wane irin dace ne wannan, da tsohon injin nan na kusa da ƙofa, wanda ya fi kowanne ruri, ba ya buƙatar a kashe shi a yi masa sabis sai ranar zuwan baƙi? Sauran ranaku auduga muke saya da kuɗinmu, mu shafa mata man kaɗanya mu cusa, don dai hankali ya kwanta, ba don tana tare wani abu ba.

Na uku, gwajin farko da abin da ya sami Baba Yohanna. Dattijo ne mutumin kudancin Kaduna, mazaunin Kamazou, shi ya koya mini aiki, shi ne kuma ke jan waƙa a cocinsu. Da aka kawo nas da na'urarta a bara waccan, murna muka yi, muka ce ashe an tuna da mu. An zaunar da kowa a ƙaramin ɗakin nan na gefen ofis, kujera na fuskantar bango, an sa masa abin saurare a kunne, an ce in ya ji ƙara ya ɗaga hannu. Nas ɗin tana waje bayan tagar gilashi tana danna na'ura. Baba Yohanna mutum ne mai gaskiya, abin da bai ji ba bai ɗaga masa hannu ba. Ya fito yana cewa yanzu kam za a yi masa magani. Wata bai cika ba aka sallame shi, da shi da wasu biyu da su ma suka gaza, aka ce rage ma'aikata ake yi. A makon da aka sallame su kuma aka ɗauki sababbi a kan injinansu. Ni da ƙyar na tsallake, don a lokacin kunnena na hagu da sauran ji. Wallahi abin ya ƙona mini rai, har yau bai daina ba. Na kai masa ziyara kwanan baya, matarsa ta ce ya bar jan waƙa, don sai ya tafi wani wuri masu amshi su tafi wani wuri. Yanzu a bencin baya yake zama.

Na huɗu, wanda shi ne ainihin kukana: gwaji na biyu, bara bayan Babbar Sallah. Kowa ya shiga layi jikinsa a sanyaye, don mun ga abin da gaskiya ta jawo wa Baba Yohanna. Da na shiga ɗakin, sai na tarar an juya kujerar, yanzu taga take kallo. Ga nas a zaune kanta a sunkuye kan na'ura, ga fomanmu Ɗanladi tsaye a bayanta, daidai inda yake ganin yatsanta. Aka sa mini abin saurare. Ban ji komai ba sai kukan gyaren nan da ba ya barin kaina dare da rana. Can sai Ɗanladi ya taɓa hular kwanonsa, hannuna ya tashi da kansa. Ya sake taɓawa, hannun ya sake tashi. Ba wanda ya ce mana uffan kafin mu shiga, ba a ma buƙaci a ce ba. Shekara da shekaru ana horar da hannuwan nan, ga kuma tsoron sallama a kai.

A ranar ba wanda ya gaza, har Malam Sabo, wanda sai an jefe shi da tsumma yake waiwayowa. Nas ɗin ta yi mini murmushi ta ce kunnena na hagu garau yake. Ikon Allah! Kunnen da ko tsawa ba ya ji.

Ban san zuciyar Ɗanladi ba. Mai yiwuwa tausayinmu ya ji, don shi ma sai ya karkata kai yake jin magana. Amma ina da tambayoyi, Alhaji. Wa ya juya kujerar, tunda makullin ɗakin a ofishinku yake? Wa ya ba foman izinin tsayawa a wurin gwaji, alhali a karon farko ko kusa ba a bar shi ya zo ba? Me ya sa da na je ofishin ma'aikata ina neman a tura ni asibiti, jami'in ya yi dariya ya ce ai gwaji ya nuna na fi shi ji, in kuma daga baya wani abu ya taso, to daga gida na kwaso shi? Zargina, kuma ina faɗarsa a matsayin zargi, shi ne gwajin farko an yi shi ne don a gano waɗanda za a kora, na biyu kuma don a sami shaidar cewa sauran lafiyarmu ƙalau. In na yi kuskure, ka fito ka gyara mini, zan nemi gafararka a fili kamar yadda na yi magana a fili.

Ka san yadda nake rayuwa yanzu? A masallacin unguwarmu a Makera ba na jin kabbarar liman sosai, kafaɗar na kusa da ni nake leƙe in bi. Maiɗakina ta ce ihu nake yi mata, ni kuwa a ganina magana nake a hankali. 'Yata ƙarama ta gane da kanta, in za ta gaya mini wani abu sai ta zagayo ta damata. Ranar da na lura da haka, fita na yi daga ɗakin don kada ta ga idona. Ina tsoron ranar da za ta zagayo ta daman ma ta ga ba amfani.

Ga roƙona. A fito da marufan nan daga sito a ba kowa nasa, kullum, ba sai ranar hoto ba. A gyara tsohon injin ko a kewaye shi, a riƙa kuma sauya mu daga kansa. A mayar da kujera ta kalli bango, kada kowa ya tsaya bayan nas. Ka sanar da bakinka, gaban kowa, cewa wanda ya gaza gwaji asibiti za a kai shi a canja masa wurin aiki, ba gida ba. A kuma nemo Baba Yohanna da abokansa biyu a duba su, don a ɗakin injinanka suka baro jinsu.

Allah ya ƙara maka arziki na halal, ya tsare maka jinka da ganinka, ya sa ka ji muryar jikokinka har tsufa.

Abu na ƙarshe, don kada a ce ban faɗa ba. Ranar gwaji, in na tarar da kujera tana kallon taga, zan zauna in rufe idanuna. Abin da na ji zan ɗaga masa hannu, abin da ban ji ba hannuna na kan cinyata. Ina da iyali, ba ni da wata sana'a, kuma tsoro nake ji ƙwarai. Amma idan bayan haka aka ji labarin an sake rage ma'aikata kuma sunana na ciki, duk wanda ya karanta wannan wasiƙa ya riga ya san dalili.

Wassalam, daga ma'aikacinka mai sauran kunne ɗaya,
Isiyaku, Makera, Kaduna.