Koren Kakin Baffa

Assalamu alaikum Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a gare ka da iyalinka. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ya kuma sauƙaƙa maka zaman nesa da gida. Mu nan sai godiya. Gwiwar Inna ta yi dama, har ta koma faɗa da kowa a kan shara, ka san kuwa wannan alamar sauƙi ce. Na zaɓi in rubuta maka ne maimakon waya, domin abin da ke bakina in na fara faɗarsa da murya ba zan kai ƙarshe ba.

Ka san idon Baba na hagu ya daɗe da tafiya. To, likitan ido ya ce na daman ma sai an yi masa aiki ranar Alhamis, kuma bai ɓoye mana ba, ya ce yana iya gani bayan aikin, yana iya rasa ɗan abin da ya rage. Baba ya dawo gida. A kwana na uku ya kira ni. Mutumin da shekara goma yake ce wa aikina na gidan tarihi wasan 'yar tsana, shi ne ya nuna mini hoton nan na falo, na su bakwai cikin kakin soja, da shi da ƙaninsa Baffa da abokansu biyar. Ya ce in yi masa su a ƙananan mutum-mutumi irin waɗanda nake fentawa, yana so ya gan su da launinsu tun idonsa na aiki. Kwana shida ke nan ya ba ni.

Mutum-mutumin ba su ba ni wuya ba, maigidana a wurin aiki ya ba ni bakwai masu tsawon ɗan yatsa. Launin kakin ne ya so ya kashe ni, don hoton baƙi da fari ne. Na haɗa kore da rawaya da ɗan ruwan ƙasa a kan farantin tangaran, na jira ya bushe, saboda fenti maƙaryaci ne, in ya bushe duhu yake ƙarawa. Hasken ƙwan lantarki ma bai da amana, sai na bakin taga da safe. Na farko da na kai masa ya ce ciyawar damina ce. Na biyu ya ce ruwan kwata. Na uku kuwa ture farantin kawai ya yi. Kowane dubawa kuma sai idon ya yi ja yana zubar da ruwa, ga likita ya ce kada ya wahalar da shi. Ranar Litinin ta yi ban fenta ko mutum ɗaya ba.

A sana'armu akwai dabara. Rana da wanki suna cinye launin tufa ta waje, amma na asali yana nan ɓoye a ƙarƙashin murfin aljihu. Rigar kakin soja ɗaya ce kuma a gidan nan, wadda ke cikin akwatin ƙarfen Baba, wadda ka sha mari a kanta kana yaro don ka gwada ta. Da ya tafi asibiti a ɗebi jininsa, na roƙi Inna makulli. Ta ba ni tana cewa ita ba ta gani ba, ba ta ji ba. Rigar ta koɗe ta zama kamar toka. Aljihun dama murfinsa ya yage, na hagu kuwa an ɗinke shi da baƙin zare, ɗinki manya-manya marasa kyau. Na yi ta maza na sa reza na yanke ɗinki guda huɗu, na ɗaga murfin. Yaya, wani kore ne mai zurfi, sabo fil, kamar jiya aka rina shi. Nan take na haɗa shi a kan farcena har suka zama ɗaya, na ɗiga fari kaɗan don ƙaramin abu yakan fi duhu a ido. Na mayar da ɗinkin da nawa zaren, na kulle akwatin, na fenta su bakwai ɗin duka.

Laraba da safe na jera su a bakin taga. Baba ya ɗauki gilashin karatunsa ya sunkuya, ya daɗe yana duba su. Sai ya tambaye ni, ba tare da ya ɗago ba, a ina na ga wannan launi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na faɗa masa gaskiya. Inna da ke bakin ƙofa ta sulale ta bar ni. Ya ce in ɗauko rigar. Ya shafa aljihun da yatsa, ya tsaya daidai inda zarena ya fara. A nan ya gaya mini abin da ko kai ban jin ka sani: maɓallin aljihun ne ya ɓalle a makonsu na farko a fagen daga, Baffa ya ɗinke masa murfin yana yi masa tsiya, kuma a kwana na tara aka kashe Baffa. Shekara arba'in da shida ba wanda ya taɓa zaren nan sai ni. Rashin sani ya fi dare duhu. Na durƙusa ina kuka ina ba shi haƙuri.

Sai ya ce, “Launin ya yi, amma na mutum ɗaya ne. Mu shida mun sa namu har ya koɗe. Shi kaɗai ne bai kai ba.”

Ashe launi biyu ne a ransa, shi ya sa babu wanda na haɗa da ya gamshe shi. Ya miƙo mini rigar da hannunsa ya ce in ɗauki na sauran daga bayanta. Na wuni ina sake fenta shidan, ina tseren rana kada ta faɗi. Na gama da sauran haske, ya dube su ɗaya bayan ɗaya yana kiran kowa da sunan tsokanarsa, sannan ya ce a rufe taga. Maganar zare kuwa bai sake tayar da ita ba, ni ma ban san ko ya yafe ba.

An yi aikin jiya. Idon na naɗe da bandeji, sai Litinin za a buɗe, likita kuma ya ƙi yi mana alkawarin komai. Yau da na je ya ce in sa masa Baffa a hannu. Na ga yana ta murza shi da babban yatsa, sai halin masu fenti ya motsa mini, na ce Baba a hankali, fentin zai goge. Ya damƙe shi, ya juyo da fuskarsa wajen muryata.

Ya ce, “Bar shi ya koɗe a hannuna, 'yata. Bai samu ya tsufa ba.”

Ka kira shi kafin Litinin, Yaya, ko da ba zai yi doguwar magana ba, kuma ka sa shi cikin addu'a. Inna tana gaishe ka, haka Gwaggo da Kawu. Ka gaishe mini da matarka, ka shafa mini kan 'yan biyu da auta. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Mai Fenti