Littafina Ya Je Keita Ya Dawo

Mahfuzu, littafina ya dawo! Jiya Talata ya shigo garinmu Azarori cikin akwatin ƙarfe, ko shafi ɗaya bai ɓace ba, kuma mutum goma sha tara sun karanta shi. Ka gafarce ni, murna ta sa na tsallake gaisuwa. Assalamu alaikum, ƙanena. Ina fatan kana lafiya, kai da Cima da yara, kuma ciwon gwiwar nan ya sake ka. Allah ya ƙara maku lafiya, ya sa albarka a neman da kuke yi a Abijan. Mu nan sai godiya. An gama girbi, gero ya yi daidai gwargwado, dawar fadama ce ta ba mu kunya. Ɗiyata Zulaiha ta sauka lafiya, an samu ɗiya mace.

Bari in faro maka daga tushe. Ka san sai da furfura ta cika mani kai na shiga karatun manya na maraice. Da hannuna ya faɗa, na sayi kaye, littafin rubutu irin na 'yan makarantar lakwal, na zauna shekara biyu ina rubuta abin da Baba ya koya mana game da iri: wane gero ke son jigawa, wace dawa ke jure laka, yadda yake ware zangarniyar iri tun tana tsaye, da abin da ya shuka a shekarun da ruwa ya ƙi. Na naɗe shi a tsumma, na sa a ƙasan adaka, ban yarda kowa ya taɓa ba.

To, jikata Fiddausiya ɗiyar Halidu ita ke riƙe da ɗakin karatu na garinmu yanzu. Bara ta gaya mani ɗakunan karatu na Madawa da Buza da Keita sun haɗa kai. Sun zuba sunayen littattafansu duka a jeri guda cikin ordinatar, wato kwamfuta, suna ce mashi katalog. Mutum yana Keita sai ya ga abin da ke Urno, ya nema, a sa mashi a akwati, motar kasuwa ta kai. Ta ce har rubutun hannu na tsofaffi suna karɓa, in ba ta nawa. Na ce a'a, maganar Baba ba ta hawa mota.

Da haka zancen ya mutu, ba don Yaƙubu ba. Ka tuna Yaƙubu mai ginar rijiya, wanda muka yi benci ɗaya da shi a karatun manya kafin ya koma Bangi wurin ɗansa? Kullum shi ke riga ni gama rubutu, kullum shi mushe malaminmu ke yabo. Muka haɗu a wani taron suna, sai ga shi yana baza babbar riga, yana gaya wa jama'a wai kayensa na labarin rijiyoyi ya je Buza sau biyu, har wani malamin lakwal ya karanta wa yara. Ya juyo ya tambaye ni, a gaban mutane, ko har yanzu gara ce kaɗai ke karatun nawa. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma Mahfuzu, ko tuwon sunan nan ban tsaya ci ba. Mutumin da har yau in ya rubuta layi sai ya gangara kamar hanyar tudu!

Washegari na kai wa Fiddausiya kayen. Ta ce, angona, bari in ɗauki hoton shafukan da wayar talho in tura masu, na asalin ya zauna gida, tunda shi kaɗai gare mu kuma damina ta kama. Na tambaye ta, na Yaƙubu hoto ne ya tafi? Ta ce a'a, shi kansa ne, har an manna mashi takarda a bangon baya inda duk wanda ya ara yake sa sunansa. Na ce to nawa ma da ƙafarsa zai tafi. Ta ce kishi zai sa in jefa gadon gidanmu a ruwa. Na ce ta sa mashi leda.

Wata huɗu ban samu sukuni ba. Duk ranar da hadari ya haɗu ta arewa, sai in ga motar nan tsaye a bakin gulbi, akwati a sama, ruwa na dukansa. In hankalina ya kwanta ta wannan gefe, sai wani abu ya taso: wane ne a Keita yake zaune a inuwa yana jin maganar Babanmu, ni ɗansa ina nan hannu wofi? Har haushin mutanen nake ji, alhali ni na aika masu. Ina cikin wannan hali na sa aka aro mani na Yaƙubu daga Bangi, amma na ce Fiddausiya ta sa sunanta, kada ya ga nawa. Wannan tsakanina da kai ne. Na karanta ina neman kuskure, na samu da yawa, sai dai wurin da ya ba da labarin rijiyar da ta rufta da ƙanensa, sai da na ajiye kayen na share ido. Na ƙirga sunayen bayansa: ashirin da uku.

Jiya da aka buɗe akwati, bangon baya na fara dubawa. Akwai manoma, akwai wata mata daga Buza, akwai ma'aikacin gona. Suna na goma sha tara kuwa ya gangara kamar hanyar tudu: Yaƙubu, Bangi. Kwana goma sha biyu ya riƙe shi, ya fi kowa daɗewa. A ƙasa ya ƙara da fensir cewa ya gwada ware iri yadda Baba ke yi, Allah ya jiƙan mai maganar. Fiddausiya ta dube ni ta ce, shi dai bai ɓoye sunansa ba. Ka gani? Har a nan ma sai da ya riga ni.

Ka gaishe da Cima, da Ramatu, da Abdurrazak, da Ibrahim. Maiɗakina Zainab da Halidu da duk gida suna gaishe ku. Ka ce za ku zo bayan kaka. To ga kaka ta yi, kuma akwatin zai sake tashi zuwa Urno ƙarshen watan gobe. Ku zo kafin nan, ku duka biyar. Fiddausiya ta ce ba mai sa suna sai wanda ya karanta, don haka Cima da ba ta yi karatu ba, ni zan karanta mata ta dangwala yatsa. Sha tara da biyar, ka san abin da ya kama: na wuce Yaƙubu da ɗaya. Ku zo ku ga maganar Baba da ta je Keita ta dawo, kuma kowa ya taho da bik ɗinsa na rubutu.

Yayanka,
Abubakar