Waƙar da Inna Za Ta Ji da Ido

Yayana na kaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zaman jirgin ruwa? Mu nan lafiya lau. Mama na gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko ciwon bayan nan ya sake ka.

Na san sai kun iso gaɓa za ka ga wannan, amma dole in amayar da abin da ke raina. Kwamfutar da ka bar min ta kusa sa min hawan jini.

Ka tuna Inna Mai Murya, wadda muka taso muna jin waƙoƙinta a rediyon Baba? Tun ciwon bara kunnenta ya mutu, sai ta kalli bakin mutum take gane maganarsa. 'Yarta ta gaya wa ƙungiyarmu ta masoya cewa Inna ta daina karɓar baƙi, wai an manta da ita. Shi ne muka shirya kowa ya ɗauki kansa a waya yana rera waƙarta guda da muka zaɓa, yana bin sautin a kunne, a haɗa fuskokin a allo ɗaya. Da aka zo kan wa zai haɗa, na yi karaf na ce ai sana'ar yayana ce. Sai ka ce a jini ake gadonta!

Na jera fuskoki, farkon ya yi kyau. Kafin a kai tsakiya kowane baki ya kama gabansa: na direban bas ya yi gaba, na malamar asibiti na jan ƙafa. Da mai ji za a kai wa, sai in ɗora waƙa a kai in kau da ido. Amma Inna baki za ta karanta. In bakunan suka saɓa, taron masu surutu kawai za ta gani, kuma gara a ce ba mu je ba.

Na sha bincike kafin in gano ashe waya ba ta tsayawa kan yawan hotunan da take ɗauka a daƙiƙa, in haske ya ragu sai ta rage. Ga shi tana matse su da wani kodek, wato tsarin adana bidiyo, mai suna H.265, wanda ke sa kwamfutarka haki kamar tsohon janareta. Sai na fara juye kowane bidiyo zuwa hoto talatin a daƙiƙa daram, cikin kodek mai nauyi da ke ajiye kowane hoto cikakke. Fayiloli suka kumbura, har na kwashe tsofaffin ayyukanka zuwa faifan waje. Kar ka ta da hankali, suna nan.

Da na sake jerawa, Yaya, bakunan nan suka buɗe tare, suka rufe tare, har ƙarshe. Ajiyar zuciyar da na yi sai da Mama ta jiyo daga kicin. Gobe za mu kai. Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Sallama da gaisuwa, da fatan jiki da sauƙi. Yau da murmushi nake maka rubutu.

Mun je, ni da shugabar ƙungiya. Inna na kujera kusa da taga, ta ɗaga mana hannu kawai ta mai da kai waje. 'Yarta ta soka filashi a talabijin ɗinsu, tsoho ne, sai ya yi baƙi ƙirin ya ce bai san fayil ɗin ba. Allah ya so ni na fitar da kwafi biyu: ɗan ƙaramin nan na H.265, da na H.264 cikin MP4 wanda kusan kowace na'ura ke ci. Na biyun ya buɗe.

Da farko Inna kallon "mu ga abin da kuka zo da shi" ta yi wa bidiyon. Can sai ta matso, ta gyara gilashi, leɓɓanta suka fara motsi. Hannunta ya soma buga gwiwa. Kafin mu ankara ta saki murya, da ƙarfi sosai tunda ba ta jin kanta, amma daidai da bakunan, ko gaɓa ba ta kuskure ba. 'Yarta ta fita da gudu tana share ido. Ni kam a nan na yi nawa kukan, ban ji kunyar kowa ba.

Da ya ƙare ta sa aka mayar baya, ta nuna fuskata a allo, ta nuna ni. Ta ce ina haɗiye ƙarshen baiti na biyu, ba haka ta rera shi ba. Ni da na gyara bakin kowa! Ta ce in dawo ran Asabar ta koya min, kuma in taho da duk masu fuskokin nan, tana da gyara a kan kowa. 'Yarta ta riga ta fara neman aron kujeru.

Mama na gaisuwa. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Taka har kullum,
Auta