Gadon Bakin Taga

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara.

Kada hankalinki ya tashi, ina asibitin gwamnati. Ƙabar nan da nake ɓoye miki ce ta tsananta, likita ya ce sai an yi aiki. Gado dai babu. Ɗakin maza ya cika maƙil, mu ragowar muna baranda, kowa da tabarmarsa. Auduga da safar hannu na asibiti sun ƙare tun farkon wata saboda yawanmu, sai dai mu saya a kantin ƙetaren titi. Mai kantin ya san ba mu da wurin zuwa, kullum farashinsa hawa yake.

Maƙwabcina wani tsohon direban babbar mota ne, ciwon sukari ya ci masa ƙafa. Ƙarfen rataya ledar ƙarin ruwa ɗaya muke amfani da shi, in ɗaya zai zaga dole ɗayan ya raka shi. Shi ya sa yake kirana kwandastansa. Tun rasuwar mahaifiyarki ban yi dariya irin wadda yake sa ni ba.

Ki gai da kowa.
Babanki.

Zuwa ga Auta,

Ina gaisuwa, ya jikin ƙaramin naku?

An sake ɗaga aikin. Duk ranar da aka sa mini, sai a kawo waɗanda suka fi ni matsuwa, ni ma in na gan su ba na iya ƙorafi. Abin da ya dame ni, gwajin jinin da na yi wai ya tsufa, sai na sake, na sake biya. Jiran nan ya fi aikin kansa tsada. Na sa an sayar da keken ɗinkina na biyu.

Direba ya samu gado a bakin taga. Ya yi ta yi mini tsiya wai ya koma gaban mota ya bar ni a baya. Ina leƙa shi da safe, amma ma'aikaciyar jinya ba ta son zirga-zirga, ita kaɗai ce a kan mutanen da ya kamata a ce su uku ke duba. Lokacin ziyara barandar takan cika da 'yan dubiya, ni sai in juya in kalli bango.

Babanki mai ƙaunarki.

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. An yi aikin, na farka lafiya.

Direba ya rasu kafin a shiga da ni. Ciwon ya bi jininsa tun yana baranda. Da aka nemi danginsa, ma'aikaciyar ta zo wurina, domin ya gaya mata ni ne nasa. Babu wanda ya zo. Na raka shi har bakin ƙofa ina dafa bango.

Gadonsa aka ba ni. Ashe tagar ba ta kallon komai sai katanga da tankin ruwa, alhali kullum yana ce mini titi yake gani da motoci.

Gobe za a sallame ni, ɗinkin bai kame ba amma akwai mai jiran gadon. Abin kunya, ba na ɗokin gida. A nan ko ba komai akwai mai yin tari kusa da kai.

Abin da kika aiko ya isa, kada ki ƙara. Ki dai riƙa rubuto mini, ko layi biyu ne.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki.